Farin Zanen Kaka Batulu

Ladupe ƙauyen Gbagyi ne, wato Gwarawa, a bayan Gwagwalada, inda kwalta ke ƙarewa jar hanya ta karɓa. Mutanensa manoman doya ne da dawa, wasu Musulmi wasu Kirista, sau da yawa ma a gida ɗaya. A da da saƙa aka san su. Maza na saƙa siraran falle a gindin bishiya, mata kuma na saƙa faffaɗan zane a masaƙar da ke jingine da bango.

Da mulkin farar hula ya zauna, Abuja ta shiga kumbura. Benaye na tashi, wayar salula ta shiga aljihu, samari na sayar da gona su sayi babur. Atamfa da leshi suka cika kasuwar Gwagwalada. Ladupe ba ta rasa hannun saƙa ba. Zare ta rasa, da mai saye. Masaƙu da yawa suka koma wurin kwanan kaji.

Hansatu na cikin mata ƙalilan da ba su daina saƙa ba. Mijinta Nuraddeen direban bas ne, ya rasu a hanyar Lokoja ya bar ta da 'ya ɗaya, Rekiya, mai shekara bakwai. Bayan takaba ta ci gaba da zama a gidan uwar mijinta, Kaka Batulu, domin a garin ɗa na gidan ubansa ne. Bazawarar da ta yi aure a waje, ita kaɗai take fita.

Shi kuwa Ammar mutumin Funtuwa ne, ma'aikaci a wata hukumar tarayya mai kula da ƙananan sana'o'i. An turo shi ya duba ko da sauran masu saƙa a karkara. Ya zo sau ɗaya, bai sake daina zuwa ba. Ya samo musu zare daga Kaduna, ya sa aka kafa rumfar kwano a bakin gari, ya bi otel-otel da ofisoshi yana nuna zanen Ladupe har aka fara saye. 'Yan matan da ke tallar lemo a tasha suka dawo gaban masaƙa, Hansatu ce malamarsu. Yadda ya fara sonta, da yadda ita ma ta daina musun tana sonsa, labari ne da kowa a garin ya sani.

Mutum biyu ne suka tsaya a gabansu. Na farko Maitama, ƙanin marigayi, dillalin filaye, wanda yake ganin matar wansa da 'yar wansa hakkinsa ne. Ta biyu Hajiya Rukayyat, yayar Ammar da ke zaune a unguwar Gudu cikin Abuja, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Kaka Batulu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Kallo kawai take yi da ɗan abin da ya rage mata na ido.

Ana cikin haka aka shirya babban baje kolin kayan hannu a Abuja, aka ba Ladupe rumfa.

Ranar da Ammar ya zo kwasar kaya, Hansatu ta raka Kaka asibitin Gwagwalada ganin likitan ido. Kafin su fita tsohuwar ta ciro wani farin zane daga tukunyar da ke ƙarƙashin gadonta, ta shanya a igiyar bayan ɗaki. Haka take yi duk shekara in ruwa ya ɗauke, don kada asu ya ci. Ta ce wa Rekiya ta kula da shi kada awaki su taɓa. Ba ta faɗa mata ko na mene ne ba, don ba a faɗa wa yara.

Rekiya ta ga ana ta loda zanen mata a mota, na kowa na tafiya. Ta kalli na kakarta, ta ga duk ya fi su laushi da haske. Ta sauke shi, ta ninke a leda, ta ruga bakin gari.

"Kawu Ammar, ga na Kaka. A kai shi Abuja su gani."

Ammar ya taɓa zanen, ya tsaya. Bai taɓa jin saƙa irin wannan a hannunsa ba.

"Kaka ta sani?"

"Ni ta bar wa."

Direba na ta danna hon, rana na yi. Ya sa ledar cikin kaya ya shiga mota.

*

Da ya dawo da albishir cewa ko ƙyalle bai rage ba, ya tarar da gidan cike da mutane, babu mai fara'a. Kaka Batulu na zaune a kan turmi. Hansatu na tsaye jikin bango, idanunta sun kumbura. Maitama ne ya tarye shi yana kaɗa makullin babur a yatsa.

"Oga, sannu da zuwa. Ina farin da ke bayan ɗakin uwata?"

"Shi aka fara saye," in ji Ammar. "Mama, da kin ga yadda mutane..."

"Likkafanina ne," Kaka Batulu ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba. Ammar ya durƙusa inda yake.

"Audugar gonar mijina ce, ta ƙarshe da ya noma. Ni na cire iri, ni na kaɗa, ni na saƙa. Lokacin ina ganin zare. Yanzu kai ma inuwarka kawai nake gani."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mama, wallahi ban sani ba."

"Ba ka sani ba, amma ka san hanyar bayan ɗaki," in ji Maitama. Ya juya ga jama'a. "Baƙo ba ya sanin wurin nan. Wani ne ya ɗauko ya ba shi. Oga, faɗa mana, wa ya ba ka?"

Ammar ya ɗaga kai. Can bayan rumbu ya hango rabin fuskar Rekiya, ta cusa yatsu a baki. Ya san ƙauye. In ya ambaci sunanta yau, har ta tsufa za a riƙa nuna ta ana cewa ga wadda ta fitar da likkafanin kakarta. Kuma Maitama zai samu abin da yake nema, ya ce uwar ba ta iya tarbiyya ba.

"Ba wanda ya ba ni. Na zaga neman inda zan yi alwala, na gan shi, na ɗauka cikin kayan sayarwa yake."

Hansatu ta rufe fuska da gyale.

Kaka Batulu ta daɗe tana fuskantar wajen da muryarsa ta fito. Sannan ta ce, "Hansatu, in an gama girbi kowa ya san matsayinsa. Ga Maitama a gida. In kuma wannan kike so, hanya a buɗe take. Yarinya dai tana nan."

*

Daga nan Gudu ya wuce kai tsaye, domin ya san wadda ta sayi zanen. Yayarsa ce. Ta je baje kolin ne don ta ga abin da ke ɗauke mata hankalin ƙani, ta dawo da farin tana yabo ba da son ranta ba.

Yana shiga falo ya gani. An yanka shi gida-gida, tela ya yi rigunan filo na kujera, har da ɗan ado na zaren zinariya a gefe.

"Yaya, ina farin nan da kika saya..."

"Ga shi kana kallo. Duk wadda ta shigo sai ta tambaye ni daga wace ƙasa. Gaskiya Gwarawan nan naka sun iya, ban yi zato ba."

Ya zauna a ƙasa ya gaya mata.

Hajiya Rukayyat ta zabura daga kan kujera kamar ta zauna a kan garwashi. "Likkafani? A falona? Jiya Abban su Nafeesa a kansa ya yi barcin rana."

Ta kira 'yar aiki ta cire su, ita ko taɓawa ba ta yi ba. Sai da aka cusa su a jaka ta dawo kansa.

"Ka gani ko? Tun ba a je ko'ina ba. Ammar, me ka rasa? Ga 'yan mata a ma'aikatarku, masu digiri, 'ya'yan gidan mutunci. Kai sai bazawara, Bagwariya, mai 'ya. Me zan ce wa su Baffa a Funtuwa?"

"Ki ce musu Musulma ce, tana riƙe da uwar mijinta da ba ta gani, kuma da hannunta take ci."

"Ni ka raina wa hankali."

"Ban isa ba, Yaya. Ke kika raine ni. Abin da kika koya mini in duba a jikin mutum, shi na duba."

Ta kau da kai. "Mama ta bar mini kai amana. Ba zan je wannan neman auren ba, ka ji na gaya maka. Ɗauki jakarka."

Ya mayar wa Kaka Batulu da guntayen washegari, bai ɓoye komai ba. Ta shafa ɗaya, ta ji zaren adon tela a gefe, ta ture jakar da ƙafa a hankali.

"An zauna a kai," ta ce. Ba ta ƙara ba.

*

Ya samu Hansatu a rumfar saƙa da la'asar, 'yan mata sun tashi. Tana gaban masaƙarta amma hannunta ba ya motsi.

"Maman Rekiya."

"Kada ka zauna, Malam Ammar. Mutane na kallo."

Ya tsaya a bakin rumfar.

"Ni abin da ya fi ci mini rai," ta ce ba ta juyo ba, "kai ne mai tambaya. Ko ƙyalle za ka ɗauka sai ka ce na wa, me ake yi da shi, wa ya koya miki. Da wannan ka shiga zuciyata. Me ya hana ka tambaya ranar?"

"Gaggawa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Laifina ne."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su. "Ka san abin da ka yi mini? Mama ta fara saukowa. Satin da ya wuce ta tambaye ni ko kana cin tuwon dawa. Na kwana ina murna kamar yarinya. Yanzu ga shi."

"Ki ba ni lokaci zuwa girbin."

"Ka yi me? Ka dawo mata da ido? Malam Ammar, ka saurare ni. Ba zan bar Rekiya ba. Ita kaɗai Nuraddeen ya bar mini. In na bi ka, wa zai yi mata kitso, wa zai san ba ta cin kuɓewa? Zan zauna a gidanka ina cin mai kyau, ita tana nan tana leƙen hanya?"

"Ban taɓa cewa ki bar ta ba."

"To babu hanya ta uku. Zan karɓi Maitama."

Ya riƙe ƙarfen rumfar. "Kina sonsa?"

"Kada ka yi mini wannan tambayar. Ka san amsa, so kake in faɗa da bakina in ƙara jin ciwo." Ta share fuska da bakin zane. "Ya ce in an ɗaura aure ba matarsa da za ta zauna a bakin hanya tana saƙa, wai ya samo wanda zai yi gidan mai a filin nan. Na ji, na yi shiru. Yaran nan da na koya wa, su koma tasha. Duk na lissafa, na ga zan iya ɗauka. Rabuwa da 'yata ce ba zan iya ba."

"Hansatu."

Bai taɓa kiran sunanta kai tsaye ba. Ta sunkuyar da kai kan masaƙar tana kuka mara sauti.

"Ka tafi, don Allah. Zaren ka riƙa aikowa da direba. Kada ka hukunta su saboda ni."

Ya tafi. Amma bai kai ga mota ba wani ya kira shi daga gindin ɗorawa.

Baba Solomon ne, dattijon coci, wanda ya rage cikin maza masu saƙar falle. Abokin wasan marigayi mijin Kaka Batulu ne tun suna yara. Ƙafafunsa na taka masaƙa, hannunsa na jefa ƙoshiyar saƙa mai ɗauke da zare, bai tsaya ba.

"Ɗan Funtuwa, zo zauna. Ka san me ya sa Batulu ta saƙa nata da kanta?"

"A'a, Baba."

"A garin nan, mu na coci da ku na masallaci, tsohuwa ba ta tafiya da yadin kasuwa. Mijin 'yarta ke kawo mata zanen tafiya, tun tana da rai. Zaren hannu, kuma ko falle ɗaya ne ya zama shi ya saƙa. Batulu maza ta haifa, ba ta da mace, ba ta da surukin da zai kawo. Shi ya sa ta zauna ta yi wa kanta, ba ta roƙi kowa ba."

Baba Solomon ya ci gaba da saƙarsa.

"Jiya Maitama ya kawo mata farin yadi daga kasuwa, mai tsada. Ta ce ya kai wa tela ya yi jamfa." Tsohon ya yi dariya. "Yaran yanzu ba su san komai ba."

"Baba, in ni na kawo fa?"

Ƙoshiyar ta tsaya.

"Kai a wa? In ta karɓa, ta ce kai surukinta ne a gaban gari. In ta mayar maka, ka gama. Ba a kawowa sau biyu, kuma ba za ka ƙara neman aure a gidan ba. Ni dai ban ce ka yi ba."

"Za ka koya mini?"

Baba Solomon ya kalli takalmansa masu sheƙi. "Cire waɗannan tukuna."

*

Ammar ya ɗauki hutunsa na shekara. Ya je Funtuwa ya dawo da buhunan auduga a bayan mota. Sai ga wata matsala: zaren da ya saba kawowa na inji ne, a cikin 'yan matan rumfa babu wadda ta taɓa riƙe mazari.

Tsofaffin garin ne suka fito. Ba wanda ya kira su. Mama Christina ta tono mazarinta daga cikin rufin ɗaki, wata ta zo da dutsen cire iri da ta daɗe tana danne murfin tukunya da shi. Suka zauna a rumfar, kowace tsohuwa da yarinya a gefenta. Su murza mazari a cinya, su sake shi yana juyi, zare na fita daga auduga siriri kamar ana jan numfashi. In ya tsinke a hannun yarinya, tsohuwa ta lashi yatsa ta haɗa, ta ce sake. Waƙoƙin kaɗi da aka manta suka dawo da kansu. Mai wucewa a babur sai ya rage gudu.

Babu wadda ta ce don Ammar take yi. Cewa suke Batulu ba za ta tafi da yadin kasuwa ba muna raye.

Shi kuwa kullum da safe yana gindin ɗorawa, wando a naɗe, ƙafa ba takalmi. Ƙoshiya ta faɗi, zare ya sarƙe, bayansa ya ƙage. Yara na taruwa suna dariya.

"Oga, yau an ƙara maka girma?" in ji Maitama, yana wucewa. "Daga ofis zuwa gindin bishiya. Ka yi a hankali, a filin da aka riga aka yi ciniki kake zaune."

"Sannu da aiki, Maitama," kawai Ammar ke cewa.

Hansatu ba ta yi masa magana ba, amma ita ma ta karɓi mazari. Zarenta ya fi na kowa daidai. Abin da ke damunta Rekiya ce. Yarinyar ta daina cin abinci sosai, ta daina shiga ɗakin Kaka, in ta hango Ammar sai ta canza hanya.

Wata rana da hantsi suna zaune su biyu a tsakar gida, uwar na kaɗi 'yar na cire iri, sai Rekiya ta ce, "Inna, in mutum ya yi laifi wani ya ce shi ne, wa Allah zai kama?"

Mazarin ya faɗi ƙasa.

Kafin yarinyar ta gama ba da labari Hansatu ta jawo ta jikinta, su biyun suna kuka. Sannan ta yafa gyale, ta nufi gindin ɗorawa, ba ta damu da masu kallo ba.

"Ka bar ni na tsaya ina gaya maka magana," ta ce. "Ka ji duk abin da na ce, ka ce laifinka ne."

Ammar ya kalli Baba Solomon. Tsohon ya ce fitsari ya kama shi, ya tashi.

"Ai laifina ne. Ita yarinya ce, ni babba. Ni ya kamata in jira ku dawo."

"Yanzu zan je in gaya wa Mama."

"Kada ki je."

"Za ta sauko in ta sani."

"Ta sauko a kaina, abin ya hau kan Rekiya. Maitama na nan yana jira. Ina roƙonki, ki bar shi inda yake. In Mama za ta karɓe ni, ta karɓe ni da laifin."

Hansatu ta dube shi, ta dubi yatsunsa da zare ya yanka, ta dubi fallen da ke kan masaƙar, wani wuri a tsuke wani wuri a sake.

"Kana jan hannun dama fiye da hagu," ta ce a hankali. "Shi ya sa bakin ke karkacewa."

Ta juya ta tafi tana share ido.

*

An kai dawa rumbu, an tone doya. Wata ranar Asabar da safe Baba Solomon ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya shiga gaba. Ammar na biye da farin zane a kan hannuwansa biyu. A bayansu tsofaffin da suka yi kaɗi, da 'yan matan rumfa. Daga danginsa ba kowa. Ya kira yayarsa a waya, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta kashe.

Kaka Batulu na zaune a kan tabarma tana shan hantsi. Maitama ya riga su zuwa, da kwalin goro da alewa na neman aure a gefensa.

Ammar ya durƙusa ya ajiye zanen a gabanta.

"Mama, na ɓata naki. Wannan bai kai shi ba. Na kawo ne, in kin ga dama."

Tsohuwar ta jawo zanen kan cinyarta. Ta fara bi da yatsu, falle bayan falle, tana kai shi kusa da kunci.

"Wannan zaren Christina ne, har yanzu hannunta da nauyi. Wannan na Hansatu. Saƙar Solomon ce, na san ta." Yatsunta suka ci gaba, sannan suka tsaya. Ta koma baya, ta sake bi. "Wannan kuma fa? Kaza ce ta bi ta kai?"

"Nawa ne, Mama."

"Kai kaɗai?"

"Na hana kaina taɓawa," in ji Baba Solomon. "Na sha wahala."

Wasu suka fara dariya suka haɗiye. Kaka Batulu ba ta yi ba. Ta daɗe tana murza fallen tsakanin yatsu. Hansatu na bakin ƙofar ɗaki, ta riƙe kafaɗar Rekiya har yarinyar na jin zafi.

"In ranar ta zo," tsohuwar ta ce, "wannan ku sa shi ta wajen ƙafa."

Mama Christina ta rangaɗa guɗa. Maitama ya miƙe tsaye.

"Mama, me kike yi? Suruki ke kawo wannan. Surukinki ta ina? Kin haifi mace ne?"

"Zauna, kana tare mini rana."

"Matar wana ce. Gidan nan aka kawo ta."

"Wanka ya tafi, ita ba ta tafi ba. Wa ke kai ni asibiti? Wa ke cire mini ƙaya a kifi? Kai in ka zo, a kan babur kake gaishe ni." Ta juya fuska wajen ƙofa. "Na daɗe ina cewa ban haifi mace ba. Hansatu, zo nan."

Hansatu ta zo ta durƙusa, ta kifa kai a gwiwar tsohuwar, kafaɗunta na rawa.

"'Yata ce, ni zan aurar da ita. Kai Maitama, ɗa ba ya kawo zane, kabari yake haƙawa. Ka tanadi ƙarfinka. Filin rumfa kuma na mijina ne, ina raye ba a zuba masa fetur."

Maitama ya ɗauki kwalinsa ya fita. Alewar ta zube a zaure, bai tsaya ba.

"Ɗan Funtuwa."

"Na'am, Mama."

"Ba za ka kai mini ita cikin Abuja ba. Ka nemi gida a Gwagwalada, inda mota ɗaya za ta kawo ta rumfa. Kuma ka je ka lallashi mutanenka. Ba na ba da 'ya a hannun mutum ɗaya kamar akuya."

"Zan yi, in Allah ya yarda."

Hansatu ta ɗago, bakinta na motsi, ta kasa fitar da tambayar makomar Rekiya. Tsohuwar ta ji ta a jikinta.

"'Yar 'yata ce yanzu. Wa ya taɓa riƙe ɗiyar 'yarsa ya hana uwar? Ta bi ki. Ranar da ba makaranta ku kawo mini ita, ta koyi kaɗi."

Sannan ta miƙa hannu cikin iska. "Ina take? Rekiya, zo ki ninke mini."

Yarinyar ta matso da ƙyar. Ta kama bakin zanen. Kaka Batulu ta jawo kanta kusa, ta yi magana a kunnenta yadda ba wanda ya ji.

"Wannan karon tukunya za ki kai shi, ba mota ba."

Rekiya ta ɗago da sauri. Fuskar kakarta ba fushi a cikinta. Ta waiga ta dubi Kawu Ammar, ya girgiza mata kai kaɗan, alamar ba daga bakinsa ba.

Ta ninke zanen da kyau, ta shiga ɗaki ta sa shi a tukunya, ta rufe. Maganar suruki da 'ya da manya suka yi, ba ta gane ta duka ba. Abin da ta gane shi ne, duk inda uwarta za ta, da ita za a tafi.